Minti Huɗu a Cikin Hazo: Nazarin Saukowar Wani Ƙaramin Jirgi a Maraɗi

Wannan nazari ya shafi wani ƙaramin jirgin sama samfurin Cessna 206 da ya taso daga Yamai wata ranar hunturu, ya sauka a filin jirgin Maraɗi ana shirin kiran sallar magariba, ba wanda ya ji rauni, ba abin da ya lalace. A rajistar filin jirgi tafiya ce kamar kowace. Ni ma da ban san da ita ba, sai da matuƙin ya zo wurina washegari da safe yana dafe da kunnensa na dama, domin aikina likitanci ne. Da na haska kunnen na tarar dodon kunnen ya yi ja, ya lotsa ciki, da alamar ruwa a bayansa, irin raunin da canjin matsin iska yake yi wa mai mura. Ina tambayarsa yadda ciwon ya fara sai labarin ya fito. Da izininsa na tattara abin da ke biye daga bakinsa, da bakin bakaniken da ya zauna a kujerar damansa, da kuma abin da na'urar GPS ta adana na tsawo da gudun jirgin. Na sakaya sunayensu da na waɗanda suka ɗauke su aiki.

Matuƙin matashi ne da bai kai shekara arba'in ba, yana da lasisin tuƙi na kasuwanci da shaidar iya tuƙi da agoguna kaɗai, wato dogaro da ma'aunan da ke gaban matuƙi ba tare da ganin waje ba, sai dai ya yi watanni bai gwada wannan fasaha a cikin gajimare ko hazo na gaske ba. Kwana uku kafin tafiyar mura ta kama shi, irin wadda kowa ke yi a watan sanyi, har ba a lissafa ta cikin cuta. A daren jajibirin tafiyar ɗansa ya yi zazzaɓi, saboda haka tun wajen ƙarfe 3 na dare idonsa biyu. Da safe ya sha maganin mura na kanti, daga baya ya nuna mini kwalin, na ga akwai sinadarin kulofeniramin a ciki, wanda yake busar da hanci amma yana kawo gyangyaɗi da nauyin tunani na awoyi da yawa, ko da mai shan bai ji barci ba. An tsara tashi da azahar. Fasinjoji biyu da kwalayensu ba su iso ba sai bayan la'asar ta kawo jiki, jirgi ya ɗaga wajen ƙarfe 3:45. A zaman jiran nan ya sha shayi kofi uku, ya ci goro, ruwa kuwa kurɓa ɗaya ya yi, don jirgin ba shi da makewayi, kuma matuƙan ƙananan jirage sun saba rage shan ruwa saboda haka.

Tsakanin Yamai da Maraɗi a miƙe kimanin kilomita 540 ne, amma miƙaƙƙen layin yana ratsa arewacin jihar Sakkwato, don haka ya bi ta Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa, kusan yadda babbar hanyar mota take bi, tafiyar ta ɗan ƙara tsawo. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauko ƙura mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, mai nufar gabas kuwa da ita yake karo. Akwai wani lissafi da ake yawan mantawa: Maraɗi tana gabas da Yamai da kusan digiri 5, kowane digiri minti 4 ne na rana, ke nan rana tana faɗuwa a Maraɗi kimanin minti 20 kafin ta faɗi a Yamai, alhali agogon ƙasar ɗaya ne. Wanda ya dubi ranar Yamai ya ce da sauran lokaci ya riga ya ci bashin minti 20. Rahoton yanayin da aka ba shi kafin tashi ya nuna ana iya hangen fiye da kilomita 5 a Maraɗi, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'idar tuƙi da ido ta yarda da shi ƙasa da ƙafa 10,000. Rahoton daidai yake a lokacin da aka bayar da shi, hazon ya ƙaru ne daga baya.

Ya fara hawa zuwa ƙafa 9,500, ya tarar har yanzu yana cikin ƙura, sai ya ƙara zuwa 11,500 inda sama ta washe, saman hazon ya shimfiɗe a ƙarƙashinsa kamar faifai. A nan ya zauna kusan awa ɗaya da rabi. Wannan jirgi ba ya cikin waɗanda ake matsa wa iska a ciki, abin da ke waje shi ake shaƙa. Akwai tulun iskar oksijin a jirgin, amma kwalayen fasinjoji sun danne shi a baya.

A nan ya kamata a tsaya, domin abin da ya faru a wannan awa ɗaya da rabi shi ne ya fi ɓoyuwa. Kason oksijin a cikin iska 21 cikin 100 ne, a ƙasa da a bisa duk ɗaya. Abin da ke raguwa shi ne matsin da ke tura shi daga huhu zuwa jini. A bakin teku matsin iska hektofaskal 1013 ne, a ƙafa 18,000 ya koma rabi, a ƙafa 11,500 kuwa ya koma kusan kashi biyu cikin uku na matsin bakin teku. Lafiyayyen mutum a ƙasa jininsa yana ɗauke da oksijin 95 zuwa 99 cikin 100 na abin da zai iya ɗauka, a wannan tsawo kuwa yakan sauko ƙasa da 90. Wannan ba ya sumar da mutum. Suma tana can sama, inda a ƙafa 25,000 mutum yake da minti 3 zuwa 5 na hankali mai amfani, a ƙafa 35,000 kuma bai fi minti guda ba, kamar yadda ya faru da jirgin Helios da ya taso daga Larnaka ranar 14 ga Agusta 2005, matuƙansa suka sume, ya yi ta yawo da kansa har mai ya ƙare ya faɗi kusa da Atina da mutum 121. Abin da ƙafa 11,500 take yi ya fi haka laushi: lissafi yana yin nawa, ido yana rage kaifi musamman a duhu-duhu, hankali yana liƙewa a kan abu guda, kuma sau da yawa mutum yana jin daɗi da nishaɗi. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanadi oksijin ga matuƙa idan za su wuce minti 30 tsakanin ƙafa 10,000 da 13,000. Dokar Amurka ta fi sassauci, daga ƙafa 12,500 take fara lissafin minti 30 ɗin, kuma da littattafan Amurka matuƙin ya yi yawancin karatunsa, shi ya sa a ransa 11,500 tsawo ne marar laifi. Wataƙila ga wanda ya yi barci ya ƙoshi, ya sha ruwa, ba mura ba magani, illar za ta zama kaɗan. Shi kuwa ya hau da duk waɗannan a jikinsa.

Na tambaye shi yadda ya ji a can sama. Ya ce bai taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba, har ciwon kan da ya tashi da shi ya lafa, yana ta ba'a da fasinjoji. Bakaniken, dattijo ne da ya haura sittin kuma ya daɗe yana shiga ƙananan jirage, ya ba ni wani labarin dabam. Ya ce sau biyu matuƙin ya maimaita lambar da aka faɗa masa ta rediyo ba daidai ba sai da aka gyara masa, kuma ya ga ya daɗe yana kallon takardar lissafin mai bai rubuta komai ba. Waɗannan bayanai biyu ba su saɓa wa juna ba. Ƙwaƙwalwar da oksijin ya yi wa ƙaranci ita ce kuma ake tambaya ko tana lafiya, amsarta kuwa kullum lafiya lau ce. Gajiya ma haka take. Binciken Dawson da Reid da aka buga a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ba barci, ƙwazonsa yakan yi daidai da na mai barasa 0.05 cikin 100 a jini. Matuƙinmu yana da kimanin awa 15 lokacin da ya fara saukowa, bayan barcin da bai kai awa huɗu ba.

Bayan ya wuce Madawa ya rage wutar inji ya fara sauka, wajen ƙarfe 6 saura. Yana nutsewa cikin hazon sai layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace. Duk wanda ya zauna a Maraɗi ya san irin yammacin nan da rana take komawa kamar farin kwano kafin ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Daga sama abin ya fi muni, domin ma'aunin hange na rahoto a kwance ake yin sa a ƙasa, matuƙi kuwa a karkace yake dubawa ta cikin kaurin ƙurar gaba ɗaya. Ko'ina launi ɗaya ne, gaba da gefe da ƙasa. Idon da ba shi da abin kamawa yakan huta a tazarar mita ɗaya zuwa biyu, mai shi yana zaton nesa yake dubawa alhali bai wuce gilashin gabansa ba.

Daidai nan kunnen ya fara. Tsakiyar kunne ɗan ɗaki ne mai iska a bayan dodon kunne, yana da 'yar siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci. Lokacin hawa iskar ɗakin tana kumbura ta fita da kanta ba wahala. Lokacin sauka dole iska ta koma ciki, hanyar kuwa ba ta buɗewa sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma, idan mura ta kumbura bakinta sai ta liƙe, matsin waje ya yi ta danna dodon kunne ciki. Bakaniken ya nuna mini gorar roba ta ruwa da ya shanye ya rufe a can sama, da suka sauka ta lanƙwashe kamar an taka ta. Abin da ya sami gorar shi ne ya sami kunnen. Matuƙin ya ce zafin kamar ana soka masa tsinke. Ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya toshe hanci ya hura, kunnen hagu ya buɗe, na dama ya ƙi. Bambancin matsi tsakanin kunnuwa biyu shi kansa yana iya kawo jiri. Ya sunkuyar da kai yana girgiza muƙamuƙi, ya sake hurawa, ya kuma juya ya canja tashar rediyo don ya kira Maraɗi. Jirgin ba shi da na'urar tuƙa kai. A wannan tsakani na'urar GPS ta nuna hancin jirgin ya fara zamewa hagu a hankali.

Dalilin da ya sa bai ji ba yana cikin ginin kunne. A can ciki akwai bututu uku masu siffar baka, cike da ruwa, da 'yan gasu masu jin motsin ruwan. A ɗauki ƙwarya da ruwa a juya ta: da farko ƙwaryar ce ke juyawa, ruwan yana tsaye, wannan bambanci shi ne abin da gasun ke ji su ce ana juyawa. Idan aka ci gaba da juyin ba canji, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ruwan zai bi ƙwaryar, bambanci ya ɓace, kunne ya ce an daina. Idan aka tsayar da ƙwaryar farat ɗaya, ruwan zai ci gaba, kunne ya ce ana juyawa ɗaya gefen. Juyin da bai kai kusan digiri 2 a daƙiƙa ba kuwa, ruwan ba ya ma nuna shi. A ƙasa ido ne yake gyara wannan kuskure ba mu sani ba. Mazaunai ma ba sa taimako, domin a cikin kwana mai daidaito nauyin mutum yana danna kujera a miƙe, ko shayi a kofi ba ya zubewa. Saboda haka fiffiken hagu ya yi ta sauka, jikin matuƙin yana shaida masa cewa a miƙe yake.

Jirgin da ya karkata yakan sunkuyar da hanci ya ƙara gudu. Abin da matuƙin ya fara lura da shi shi ne ƙarar iska ta ƙaru, agogon tsawo kuma yana warwarewa da sauri. Ya yi abin da kowane jiki zai yi, ya ja sitiyari. A jirgin da ke karkace jan sitiyari ba ya ɗaga shi, matse kwanar yake yi, sai ya ƙara nutsewa. Wannan ita ce murɗiyar da ta ci matuƙa da yawa. A 1954 jami'ar Ilinoi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agoguna ba, aka rufe musu ganin waje, dukkansu suka kasa riƙe jirgin, matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne. Kada a ce sai sabon shiga. Jirgin Kenya Airways samfurin Boeing 737-800 da ya tashi daga Duwala cikin daren 5 ga Mayu 2007 haka ya yi ta karkata dama a hankali a hannun gogaggen kyaftin, ba a farga ba sai da na'ura ta yi gargaɗi, ya faɗa cikin fadama da mutum 114.

Abin da ya raba namu da waɗancan shi ne dattijon da ke kujerar dama. Ya ce mini ya ga agogon daidaito, wato mai ɗan hoton jirgi a kan layi, sama shuɗi ƙasa ruwan ƙasa, ya kwanta tun da ɗan jimawa. Na ce me ya hana shi magana. Ya ce ya zaci kwana ake yi da gangan, kuma ba ya son ya zama mai koya wa matuƙi aikinsa a gaban baƙi. Wannan kara ce, halin da muke yabo a gida da kasuwa, kuma ba zan ce a bar ta ba, amma a nan ta ci wajen daƙiƙa ashirin. Sai da ya ji nauyi ya danna shi a kujera sannan ya taɓa gilashin agogon da yatsa ya ce, "Kumandan, dubi nan, ya kwanta hagu."

Matuƙin ya ce, "A miƙe muke, Baba."

"Agogon bai ce haka ba."

Ya duba. Ya ce abin da ya fara zuwa ransa shi ne agogon ya lalace, tunanin da kusan duk wanda ya shiga wannan hali yake yi. Horon da ya samu ne ya sa ya dubi sauran: agogon kwana yana nuna hagu, kamfas yana juyawa, gudu yana hawa, tsawo yana sauka. Agoguna huɗu masu hanyoyin aiki dabam-dabam ba za su haɗa baki su yi ƙarya ɗaya ba. Ya bi tsarin da aka koya masa, ya rage wuta, ya daidaita fikafikai, sannan ya ɗago hanci a hankali. Ya rasa kusan ƙafa 2,000 kafin jirgin ya miƙe.

Mafi wuyar abin ya zo ne bayan haka. Da ya mayar da fikafikan da sauri, ruwan kunnensa ya ji wannan juyi, tunda bai ji na farko ba, sai ya shaida masa cewa yanzu jirgin ya kwanta dama sosai. Hannunsa yana ta neman mayar da shi hagu, wato cikin murɗiyar da ya fito. Bakaniken ya ce ya ga matuƙin ya jingine da ƙofar hagu, kafaɗarsa a manne da gilashi, gumi yana zuba a wuyansa duk da sanyin, idonsa a kafe kan agogo. Wannan jingina hanya ce da jiki yake samun sulhu, a bar gangar jiki ta bi abin da take ji, hannu ya bi agogo. Ya roƙi dattijon ya riƙa faɗa masa tsawo da babbar murya, ya daina motsa kai, ya rage saurin saukar saboda kunnen. Daga fara karkata zuwa lokacin da jirin ya sake shi kimanin minti 4 ne. Can ƙasa-ƙasa ya hangi baƙin zaren kwalta da fitilun motoci wajen Gidan Rumji, kuma ya ce a daidai wannan daƙiƙa duniya ta miƙe masa kamar an kunna fitila. Ya bi hanyar ta Tsibiri har filin jirgi. Fasinjojin baya sun zaci gargadar iska ce.

Da muka zauna nazarin abin, shi hazo ya ɗora wa laifi. Ni ban yarda ba. Hazo yana nan kowace shekara daga Nuwamba zuwa Maris, kuma yana da shaidar da ta ba shi ikon shiga irinsa. Da ya shiga da niyyar tuƙi da agoguna tun daga saman ƙurar, da idonsa bai bar agogon daidaito ba. Abin da ya ɗauke idon ciwon kunne ne, ciwon kunnen daga mura yake, murar kuma ya san da ita tun a Yamai. Abin da ya hana shi shirya wa shigar tun yana sama, ya tuna cewa layin sama da ƙasa zai ɓace, ya fara sauka da wuri a hankali saboda kunnensa, ko ya nemi sabon rahoton yanayi tun yana da zaɓi, shi ne ƙwaƙwalwar da rashin barci da magani da ƙishirwa da ƙarancin oksijin suka taru a kanta. A ganina mura da maganinta su ne suka fi nauyi, domin su kaɗai sun isa a ce ba za a tashi ba, kuma su ne aka fi rainawa. Ya ce da wace fuska zai gaya wa mutanen da suka biya kuɗi cewa ya fasa tafiya saboda majina. Na fahimci wannan, na kuma san cewa matashin da ke neman tara awoyin tuƙi ba ya son a san shi da fashi. Sai dai a ƙarfe 3:45 na Yamai yana da hujja ta biyu da ba ta buƙatar ambaton majina, wato lissafin faɗuwar rana, bai kuwa yi lissafin ba.

Na hana shi tashi har sai murar ta warke, dodon kunnen ya koma daidai, ya kuma iya buɗe kunnuwan biyu ba zafi, na rubuta masa takarda zuwa ga likitan da ke duba lafiyar matuƙa a Yamai, domin shi ke da hurumin mayar da shi aiki. Na ba shi shawarar ya sayi ɗan ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a yatsa, irin wanda ya yawaita a kantunan magani tun zamanin korona, ya riƙa duba shi duk lokacin da ya haura ƙafa 8,000, ya kuma nemi malami ya sake yi masa horon tuƙi da agoguna kafin hunturu mai zuwa. Shi da bakaniken suka yi yarjejeniya a gabana cewa duk abin da dattijon ya gani a agogo zai faɗe shi nan take, ko da baƙi, ko da ya zaci da gangan ne. Wani matuƙi aka turo ya mayar da jirgin bayan kwana biyu, da sassafe, an ciro tulun oksijin daga ƙarƙashin kaya an ɗaure shi a bayan kujerar gaba. Shi kuwa ya koma Yamai a motar haya, tafiyar fiye da kilomita 600, kunnensa na dama bai gama buɗewa ba sai bayan kwana goma sha ɗaya.